Ƙafar da Aka Warkar Ba da Yardata Ba

Da sunan Allah mai saukar da ciwo, mai saukar da sauƙi. Ƙafata ta warke. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce Binta ba ta da godiyar Allah, domin na sha jin haka tun da na fara buɗe baki. Ta warke sumul, sai tabo a dunduniya, ina taka ta in je kasuwa in dawo. Amma akwai abin da aka yi mani a cikin jinyar nan wanda har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina, kuma ina so duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya ji shi kafin ranar da zai kai su asibiti.

Ni 'yar Jibiya ce, cuku da dabino nake sayarwa a bakin tashar motocin Maraɗi. Cukun daga hannun yayata yake zuwa, Yaya Hassu, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Ɗan Isa, cikin Nijar. Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Ina rarrafe mahaifiyarmu ta rasu, Hassu ce ta goya ni, ita ta yaye ni da kunu, ita ta wanke ni ranar aurena. Duk ranar kasuwa Ilu direba zai sauke mani kwandon cuku tare da saƙon baki: tana gaishe ki, ta ce atamfar da kika aiko mata ta tsofaffi ce, ita ba ta tsufa ba tukuna. Ni kuma in ce ya gaya mata ta nemi madubi. Iyakar nan mu ba mu taɓa ɗaukar ta wani abu ba. A rufe ta, a buɗe ta, a canza 'yan duwan masu binciken kaya, a canza jandarma, biki da suna da gaisuwar mutuwa ba su taɓa tsayawa ba.

Ciwon ya fara ne da wayar ƙonanniyar taya da na taka a tasha. Ban ma ji ba, sai da mai furar da ke kusa da ni ta ce, "Binta, jini ne fa a silifas ɗinki." Na wanke da ruwan gishiri, na ɗaure da tsumma, na ci gaba da harkata. Sati ya zagayo wurin bai rufe ba. Na biyu ya fara ruwa. Daga nan kowa ya zama likita. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce garin bagaruwa, wani dattijo daga Farfaru ya rantse da sassaƙen da ya ce ya warkar da gyambon raƙumi ma balle na mutum. Ƙanin marigayi mijina ya ce sammun 'yan kasuwa ne, aka kawo rubutu na sha. Mai kemis kuwa ya yi ta narka mani allura har zama ya gagare ni. Duk na yi, ban raina na kowa ba, kuma a nan jarin dabinona ya narke.

Wari ne ya kai ni asibiti. Wata mata ta ɗauki cuku ta kai hanci, ta dubi ƙafata, ta ajiye ta wuce. Ranar na naɗe tabarmata na koma gida ina kuka.

A asibitin kusa da mu na yi sammako, ban ga likita ba sai bayan azahar. Aka ɗiga jinina a na'ura, ma'aikaciyar ta zaro ido ta ce, "Mama, kin daɗe da suga a jikinki ba ki sani ba." Suka duba ƙafar suka ce ta fi ƙarfinsu, sai birni, kuma in aka ƙara jinkiri sai yankewa. Kalmar nan ta yankewa ita ta hana ni barci, ita kuma ta kawo ɗana na fari da mota washegari.

Malamin makaranta ne a birni. Kamar kowace uwa a wajenmu, ba na kama sunansa, Babba nake ce mashi tun yana zanin goyo. Tun rasuwar mahaifinsa shi ke tsaye a kan komai na gidan, kuma wallahi bai taɓa ɗaga mani murya ba. Da hannunsa ya ɗauke ni ya sa a mota, ga wari, bai ko yamutsa fuska ba.

A babban asibitin na gamu da wani likita matashi, Dakta Mansir. Zan faɗi alherinsa duka kafin in faɗi sauran. Yaron nan ya durƙusa a ƙasa ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya kankare ruɓaɓɓen naman yana ja na da hira don in manta zafi. Har tsokana ta yake yi, wai cukuna ne ya jawo suga. Na ce ɗan nan cuku ba zaƙi gare shi ba, ka koma makaranta. Na so shi kamar ɗan cikina.

Bayan an kwantar da ni kwanaki, sai ya jawo kujera ya zauna gefen gadona.

"Mama, akwai wani bincike da muke yi," in ji shi. "Wani sabon man shafawa ne na gyambon masu suga, muna gwadawa mu gani ko ya fi wanda aka saba. Kyauta ne. Amma duk wanda ya shiga sai ya zauna kusa, ya riƙa zuwa ranakun da muka sa ba fashi, wata da watanni, muna awon ciwon muna ɗaukar hotonsa."

Ni kuwa da abin da ke raina. Kafin in baro Jibiya Ilu ya shaida mani Hassu na fama da tari, ta rame, har ɗiyarta ce ke matsa cukun yanzu.

Na ce, "Dakta, Allah ya saka da alheri, amma ba ni so. Yayata ba ta da lafiya a ƙetare. Ka yi mani irin maganin kowa. Da zarar na iya taka ƙasa wurinta zan tafi, can ma akwai masu dresin."

"In kuma ƙafar ta ƙi fa, Mama?"

"Wannan tsakanina da Ubangijina ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ganin damarki ne." Sannan ya miƙe ya waiwaya ya yi tambayar da kowane likita ke yi a ƙasar nan: "Wa ke tare da ita?" Babba ya taso, suka fita baranda. Ban kawo komai a raina ba. Tun muna yara haka muka ga ana yi, mara lafiya na kwance, maza na waje suna magana da likita.

Da Babba ya dawo fuskarsa a sake take. Ya ce, "Inna, Allah ya kawo mana sauƙi. Wani bawan Allah ya ɗauki nauyin maganinki gaba ɗaya, amma ya ce kada a faɗi sunansa." Aka kawo wata takarda aka dangwala yatsana, aka ce ta sallama ce. Ku ji fa: tun daga ranar ba sallar da zan idar ban roƙa wa bawan Allahn nan gafara ba, shi da iyayensa. Wata da watanni ina ɗaga hannu ina yi wa mutumin da babu shi addu'a.

Aka sallame ni zuwa gidan Babba a nan birni. Matarsa ta yi mani jinya ta haƙiƙa, ba zan ci amanarta ba. Ita ke dafa mani tuwon alkama da ba ni so, ita ke yi mani allurar suga, ita ke ɓoye gwangwanin sukari a bayan buhun gawayi tana tsammanin ban gani ba. Ranakun asibiti mu tafi cikin a-daidaita, a wanke ciwon, a shafa wani mai mai sanyi, a ɗora ɗan ma'auni a ɗauki hoto. Na taɓa tambayar hoton na mene ne, aka ce don a ga ci gaba. Sauran masu gyambo da ke layi ba a ɗaukar nasu, na ɗauka darajar bawan Allahn nan ce. Wayata kuwa tun satin farko Babba ya karɓe, wai yawan waya na tayar da hawan jini.

Sannu a hankali warin ya tafi, nama ja ya fara tasowa. Ranar da na taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya da sanda, na ce, "Babba, a nemo mani mota, zan je in ga Hassu."

"Inna, likita ya hana tafiya."

Bayan sati na sake tayar da maganar, ya ce iyaka a rufe take. Na ce, "Haba Babba, ni za ka gaya wa iyaka? Yaushe rufe iyaka ya hana ɗan Jibiya zuwa gaisuwa? Ga 'yan acaba nan suna ratsa gonaki kullum." Sai ya koma wai hanya ba lafiya. Na tambayi jikin Hassu, ya ce da sauƙi, tana gaishe ni. Abin da ya ɗan tsaya mani shi ne gaisuwar ba ta zuwa da tsokana, Hassu kuwa ba ta taɓa gaishe ni lami ba. Amma na ce ciwo ne ya sanyaya ta.

Na kai ƙara wurin Dakta Mansir da kaina. Na ce kwana uku kawai, a ba ni magani da bandeji in tafi da su. Bai ɗago daga ƙafata ba, ya ce, "Mama, a ɗan ƙara haƙuri, tafiya yanzu ba ta da kyau." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wanda ya ɗora ruɓaɓɓiyar ƙafarka a cinyarsa, ta yaya za ka zarge shi?

Damina ta wuce, aka yanke gero, ciwon ya rufe. Aka yi hoton ƙarshe, ma'aikatan har da tafi, Babba da matarsa suka mayar da ni Jibiya. Mata suka cika gida da barka, sai dai na lura kowace in ta gaishe ni sai ta sunkuyar da kai ta yi saurin tashi. Washegari ranar kasuwa ce. Babba ya ce in huta, shi zai aika a karɓo mani saƙo. Na bar shi ya shiga wanka, na ɗauki mayafina na nufi tasha.

Ilu na ɗaure kaya a saman mota. Da ya hango ni sai ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah shi jiƙan ta, Allah shi sa ta huta."

Na ce, "Wa?"

Ya dube ni, ya dubi mutanen tasha, sai ya dafe kai. "Innalillahi. Ba a hwaɗa maki ba? Ai har an yi sadakar arba'in."

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na zauna a kan wata taya na ce ya gaya mani duka. Ya ce tun tana iya zama take aiko shi, ya je gidan Babba a birni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ana tare shi a zaure a ce ina barci, za a isar. Na ce me ta ce a saƙon ƙarshe. Ya yi ta murza hula. Na ce Ilu ka ji tsoron Allah ka faɗa mani.

"Ta ce in ce maki, in ƙahwa ce ta hana ki zuwa, ai ita ta goya ki kina ƙarama. Ki taho ko a amalanke, za ta sake goya ki."

A tsakar gida na iske Babba yana taje gemu. Da ya ga fuskata ya gane. Ya fara da abin da kowa zai fara da shi, cewa ba a gaya wa mara lafiya rasuwa, dattijan gida ne suka ce a ɓoye. Na ce na ji wannan, al'adarmu ce, ni ma na taɓa ɓoye wa wasu. Amma tana da rai fa? Tana aike tana kira na?

"Inna, da kin tafi cire ki za su yi daga binciken, maganin kuma ba a samun shi a ko'ina."

"Wane bincike?"

A nan komai ya faɗo mani, hoton nan, ma'aunin nan, takardar da aka dangwala mani, da bawan Allahn da na yi ta roƙa wa Aljanna.

Na ce, "Lawal."

Tunda na haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Matajin ya faɗi daga hannunsa. Matarsa da ke bakin murhu ta rufe baki da mayafi ta shige ɗaki. Na ce, "Lawal, a gabanka na ce ba ni so. Kana zaune a ƙarshen gado." Ya durƙusa yana kuka yana cewa ƙafata ya ji wa tsoro, bai iya ganin an yanke wa uwarsa ƙafa. Na san gaskiya yake faɗi, kuma sanin haka bai rage mani komai ba.

Bayan kwana biyu na hau mota ni kaɗai na koma birni wurin likitan. Ya tarbe ni da fara'a, yana cewa ga tauraruwarmu. Na ce ya rufe ƙofa.

Bai yi mani musu ba, wannan na ba shi. Ya ce a baranda Babba ya roƙe shi, ya ce tsoro ne irin na tsofaffi, shi zai lallashe ni, daga baya ya dawo ya ce na amince. Na ce to me ya hana ka sake tambaya ta, ga ni kwance taku biyar daga baranda? Ya ce, "Mama, gaskiya ina son ƙafarki ta tsira, kuma muna buƙatar mutane irinki a binciken. Da ya ce kin yarda, ban so in tona ba."

Sai ya shiga yi mani bayani, a hankali, kamar mai neman ya gamsar da kansa. Ya ce a makaranta an koya masu abu biyu da kan yi karo: yi wa mara lafiya abin da ya fi mashi amfani, da barin shi ya zaɓa wa kansa ko da zaɓin zai cutar da shi. Ya ce har malamansu na gardama a kai. Wasu na cewa zancen kowa ya yanke wa kansa hukunci tunanin Turawa ne, mu nan iyali ke yanke shawara. Ya ce kuma in man nan ya tabbata, ƙafafu da yawa za su tsira saboda abin da aka gani a tawa.

Na ce, "Allah ya sa su tsira, ba na baƙin ciki. Amma iyalin da kake faɗa, ni ba a cikinsu nake ba? Da za ka kankare nama, ƙafar Lawal ka ɗora a cinyarka ko tawa?" Sannan na tambaye shi abin da ya kawo ni. "Ranar da na roƙe ka kwana uku, da na tafi ƙafar za ta lalace?"

Ya daɗe yana juya biro. Ya ce, "Ba lallai ba ne. Wataƙila ta ja baya, wataƙila ba ta ja ba. Amma da kin tsallake ranakun awo, da kin fita daga cikin waɗanda muke bi." Ya ƙara da cewa a ƙa'ida duk wanda ke cikin bincike yana da ikon fita ranar da ya ga dama, ba wanda ya isa ya hana shi.

Na ce, "Wa ya gaya mani?"

Na yi mashi godiya a kan ƙafata, godiya ta gaskiya, na ce kuma ban yafe sauran ba tukuna. Na fito.

Mutane na ta ce mani, ke da kika samu ƙafarki, da kin tafi wataƙila da yanzu gurguwa ce. Wataƙila. Ni ma na zauna na auna, kuma ban san me zan zaɓa ba da an zaunar da ni an ce ga ƙafarki ga yayarki. Mai yiwuwa Hassu da kanta ta ce in zauna in warke. Amma ni ya kamata in sha wannan wahalar zaɓin, ba a raba ni da ita a baranda ba. Saboda haka ku 'ya'ya, in likita ya ce wa ke tare da ita, ku ce mu ne, amma a yi maganar nan a gabanta. Ku kuma masu jinya a kwance, in aka ce magani kyauta ne ku tambayi dalili, in aka kama yatsanku ku ce a karanta maku, kuma kada ku bar wayarku a hannun kowa komai sonsa gare ku. Lawal na zuwa duk sati ya gaishe ni, ina amsawa. Har yau bakina bai koma ga Babba ba.

Satin da ya biyo baya na ƙetare a motar Ilu. A shingen duwan aka ce fasinja su sauka, na taka da ƙafata har wancan ɓangaren ba sanda. Ɗiyar Hassu ta tarbe ni a ƙofar gida, muka yi kukanmu, sannan ta kai ni ɗakin uwarta. Gado biyu na gani. Ta ce tun da uwarta ta ji labarin ƙafata ta sa aka shigo da na biyun, ta hana kowa kwana a kai, ta hana a fitar. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashinsa ta buɗe. Auduga ce da bandeji da sabulu, sababbi a ledarsu. Ta ce Hassu ta sayar da tunkiyarta ta aika Maraɗi aka sayo, wai in na zo ita za ta riƙa wanke mani da hannunta, ba ta yarda da wankin 'yan asibiti ba.

Yarinyar ta share hawaye ta ce, "Inna Binta, ya ƙahwar?"

Na zauna a kan gadon da aka shimfiɗa mani, na cire takalmi, na miƙe ƙafar wajen gadon Hassu. Na ce, "Ta warke."